Faifan Biki Ya Ƙi Yi a Ƙasar Waje: Amsoshin Tambayoyinku

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan mafi yawansu kuka ɗaya suke yi: an buga faifan DVD a gida ko a shago, an kalla lafiya lau, an aika wa ɗan'uwa a wata ƙasa, can kuma ya ƙi. Na zaɓi guda shida, na rage musu tsawo.

TAMBAYA: Malam, barka da ƙoƙari. Bayan ƙaramar salla na aurar da autata. Mai ɗaukar bidiyo ya kawo mana faifai uku, tun daga kamu har buɗar kai, mun kalla a gida ba wata matsala. Na ba wani matafiyi ya kai wa babban ɗana a Houston ta Amurka, don bai samu zuwa ba. Da ya sa a na'urarsa sai ta rubuta masa ba za ta iya karantawa ba. Ya kai gidan abokinsa, can kuma hoton ya fito baƙi da fari yana ta gudu sama, amma ana jin kiɗan sarai. Mai bidiyon ya ce wai kullen yanki ne, in kawo kuɗi ya buɗe. Haka ne?
Wata uwa, Tudun Wada, Zariya

AMSA: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Kuɗin buɗe kulle kuwa ki riƙe abinki, domin babu kullen da za a buɗe.

Kullen yanki akwai shi, ba ƙirƙira ya yi ba. Manyan kamfanonin fina-finai ne suka raba duniya gida shida don su riƙa sayar da fim a inda suka ga dama, a lokacin da suka ga dama. Amurka da Kanada su ne yanki na 1, Turai da Japan da ƙasashen Larabawa na Gabas ta Tsakiya da Masar da Afirka ta Kudu na 2, mu nan Najeriya da Nijar da Ghana muna na 5 tare da Indiya da Rasha, Sin kuma ita kaɗai ke da na 6. Amma wannan kulle a kan faifan kamfani ake sa shi, wanda aka buga a masana'anta. Manhajojin da masu bidiyon biki suke aiki da su a buɗe suke barin faifai. In da kullen ne ma, na'urar abokin ɗanki ba za ta fitar da komai ba, ba hoto ba kiɗa, sai dai ta rubuta cewa yankin bai dace ba.

Abin da ya same ku ya girmi DVD nesa ba kusa ba. Tun zamanin da aka fara talabijin duniya ta rabu kan yadda ake jera hoto. Ƙasashen da wutar lantarkinsu ke bugawa sau 60 a daƙiƙa, irin su Amurka da Kanada da Koriya ta Kudu, suka ɗauki tsarin NTSC, wanda aka amince da mai kalarsa a Amurka a 1953. Ƙasashe masu wuta mai bugu 50, irin mu da Ingila da Jamus, akasari suka bi PAL, wanda Walter Bruch ya ƙirƙira a kamfanin Telefunken, aka fara watsa shirye-shirye da shi a 1967. A faifan DVD bambancin shi ne: PAL na da layuka 576 da hotuna 25 a daƙiƙa, NTSC na da layuka 480 da hotuna kusan 30, ko in ce 29.97 daidai. Kamarar mai bidiyonku a kan PAL take, shi ma a kan PAL ya fitar da aikinsa, kuma don kallo a Zariya daidai ya yi.

Na'urar ɗanki da ta ga layuka 576 sai ta ce ba ta san wannan ba, ta tsaya. Ta abokinsa ta fi ta haƙuri, ta karanta faifan, ta miƙa wa talabijin siginar PAL yadda take. Talabijin ɗin ne ya kasa kama ta: yana jiran hoto 30 ana ba shi 25, shi ya sa hoton ke gudu sama, kuma bai gane yadda aka shirya kalar ba, sai ya bar shi baƙi da fari. Sauti ba ruwansa da wannan rigima, shi ya sa suka ji kiɗan kamu tsaf.

Za ki ce to me ya sa mu a nan kowane faifai aka kawo daga ko'ina yake yi? Dalilin kuwa na'urorin da ake sayarwa a kasuwanninmu, musamman ƙirar Sin masu araha, kamar akuyar unguwa suke, duk abin da aka miƙa musu ci suke yi. PAL, NTSC, VCD, faifan da aka cusa wa fim takwas, duk ɗaya ne a wurinsu. Na Turai ma yawancinsu suna karanta NTSC. Na Amurka ne da yawa aka ƙera su don kasuwarsu kaɗai. Don haka faifan da ya taso daga can zuwa nan ba kasafai yake ba da wahala ba, wanda ya tashi daga nan zuwa can shi ne mai gardama. Wannan magana ina so duk mai karanta shafin nan ya riƙe ta, don za ta sake fitowa a sauran amsoshin: cewa faifai ya yi a na'urar falonka ba shaida ba ce cewa lafiyarsa ƙalau.

Ga abin yi. A daren yau ma ɗanki zai iya kallon bikin ƙanwarsa in yana da kwamfuta. Kwamfuta ba ta damu da PAL ko NTSC ba. Ya sauke manhajar VLC, kyauta ce, ya sa faifan ya buɗe da ita. Na ambaci VLC ne saboda tun daga Windows 8 Microsoft ta daina haɗa abin kallon DVD a cikin Windows kai tsaye. In kwamfutarsa irin siraran nan ce marasa wurin faifai, ana sayar da na waje da ake jonawa ta USB, ba tsada. Ya haɗa ta da talabijin da wayar HDMI, iyalinsa su zauna su kalla.

Na'urar abokin nan kuma kada su yi saurin fid da rai da ita. Su danna Setup a rimot, su nemi inda aka rubuta TV System ko TV Type. In akwai zaɓi tsakanin PAL da NTSC da Auto, su mayar da shi NTSC. Wasu na'urorin da kansu suke juya siginar in an umarce su.

In kuwa lallai faifan da zai yi a kowace na'ura a Amurka kike so, ki koma wurin mai bidiyon, ki ce ya fitar miki da kwafi na NTSC. Ki jaddada masa daga ainihin aikin da ke kwamfutarsa zai fitar, ba daga faifan da ya riga ya buga ba, domin matse hoton da aka riga aka matse yana dusashe shi. Za a ɗan ga ƙyaftawa a wurin da kamara ke juyawa da sauri ko inda 'yan mata ke rawa, saboda mayar da hoto 25 zuwa kusan 30 sai an yi ciko. Wannan aiki ne, ya cancanci a biya shi ladansa. Ni dai da za ki bi tawa, ki ce ya sa miki bikin gaba ɗaya a filashi a tsarin MP4. Talabijin na zamani yawancinsu suna da kafar USB, kuma hoton zai fi na faifan kyau.

TAMBAYA: Mun yi walimar saukar Alƙur'ani a makarantarmu. Na jona kamara da na'urar DVD mai naɗa, na naɗe taron kai tsaye a faifai. A na'urar yana yi. Na aika wa yayana a Hamburg, tasa ta rubuta No Disc, kwamfutarsa kuma ta ce faifan babu komai a ciki, tana tambaya ko ya yi masa fomat. Ni kuma da idona na ga karatun yara a ciki.
Wani malamin makaranta, Zango, Kumasi

AMSA: Malam, kafin komai ka kira yayanka yanzu ka ce kada ya kuskura ya amsa wa kwamfutar nan da e. In faifan mai gogewa ne, fomat ɗin zai share karatun baki ɗaya. In ba mai gogewa ba ne, zai iya rubuta wani abu a kai ya dagula lamarin.

Ghana da Jamus duk faifan PAL suke kallo, don haka matsalar Hajiyar Zariya ba ita ce taka ba. Kai faifanka ba a rufe shi ba ne. Na'ura mai naɗa tana barin faifai a buɗe don ka iya ƙara wani abu gobe. Muddin yana buɗe, ba ta rubuta jadawalin da ke gaya wa sauran na'urori inda kowane abu ya fara da inda ya ƙare ba. Ita ta san inda ta ajiye kayanta, shi ya sa take nuna maka. Wata na'urar kuwa ta leƙa inda jadawali ya kamata ya kasance, ba ta ga komai ba, sai ta ce babu faifai.

Yayanka ya juya faifan ya duba bayansa a wurin haske. Zai ga daga tsakiya zuwa wani wuri launin ya ɗan fi duhu, daga nan zuwa baki ya fi haske. Wannan mai duhun shi ne karatun yaranku, yana nan daram.

Rufewar a cikin na'urar da ta naɗa ake yi. Ka sa faifan, ka shiga Setup ko Disc Menu, ka nemi Finalize, ka danna, ka bar ta. Takan ɗauki 'yan mintoci, kuma abin mamaki, faifan da ba a cika ba ya fi daɗewa kafin ya rufu. Kada ka fara sai kana da tabbacin wuta, domin in aka ɗauke ana tsakiyar rufewa faifan na iya lalacewa. Ku da kuka sha dumso, wato yawan ɗauke wuta, a Kumasi ba sai na yi dogon bayani ba. In DVD-R ne ko DVD+R, da an rufe shi ke nan, ba a ƙara komai. In DVD-RW ne, wato mai gogewa, ka duba da wane tsari na'urar ta naɗa. Akwai Video, akwai VR. Na VR ko an rufe shi na'urori da yawa ba sa karantawa, sai waɗanda aka rubuta RW Compatible a jikinsu. Duk abin da za a aika wa wani, a naɗa shi a tsarin Video.

Tunda faifan na Hamburg na'urar kuma na Kumasi, in kamarar na riƙe da taron a kaset ko memori, sake naɗa wani ka rufe shi ya fi sauƙi. In wannan faifan ne kaɗai, ko dai ya dawo da shi ta hannun mai zuwa, ko ya gwada manhajar IsoBuster a kwamfuta, wadda ke iya zaƙulo bidiyo daga faifan da ba a rufe ba. Masu tsofaffin kamarori da ke cin ƙaramin faifai mai faɗin santimita 8, ku ma wannan hukuncin ya hau kanku: a cikin kamarar ake rufewa, tana jone da caja.

TAMBAYA: Na ɗauki bidiyon sunan ɗan ƙanwata da waya. Na kai wa masu tura fina-finai suka juya min, suka sa a faifai, yana yi a gidanmu. Yayana a Lyon ya ce na'urarsa ba ta nuna komai. Wani abokina ya ce don Faransa SECAM take amfani da shi. Yaya zan mayar da faifan SECAM?
Wani ɗalibi, Maraɗi

AMSA: Ƙanena, abokinka ya yi karatu amma ya tsaya a rabin shafi. Gaskiya ne Faransa da SECAM ta riƙa watsa talabijin, Nijar ma haka. Sai dai babu wani abu wai shi faifan DVD na SECAM. A Faransa da Nijar faifai iri ɗaya ake kallo da na Najeriya da Ingila, mai layuka 576 da hotuna 25.

Abin da nake zargi shi ne masu turawar ba faifan bidiyo suka yi maka ba, faifan ajiya suka yi. Sun juya bidiyon zuwa AVI ko makamancinsa, suka jefa fayilolin a faifai kamar yadda ake jefa takardu. Na'urarku ta gida ta iya buɗe irin waɗannan fayiloli, ta yayanka kuma ainihin DVD kaɗai ta sani. Gane wannan ba wuya: in ka sa faifan a gida, fim ne ke tashi da kansa, ko kuwa wani shuɗin allo ne ke fitowa da jerin sunaye sai ka zaɓa da rimot? In jerin sunaye ne, zargina ya tabbata.

Faifan bidiyo na gaskiya in ka buɗe shi a kwamfuta za ka ga folda mai suna VIDEO_TS, da manyan baƙaƙe, a cikinta akwai fayiloli masu ƙarewa da VOB da IFO da BUP. VOB su ne hoton da sautin, a tsarin MPEG-2, kowanne bai wuce gigabait 1 ba. IFO ne ke gaya wa na'ura yadda za ta bi su, BUP kuma kwafinsa ne na ko-ta-kwana. Dole foldar nan ta zauna a farkon faifan. Na sha ganin wanda ya samu VIDEO_TS lafiyayya, sai ya ga ai ya kamata a san mene ne a ciki, ya buɗe wata folda ya rubuta mata "Sunan Jariri", ya tura ta ciki. Shi ke nan ya kashe faifan a wurin yawancin na'urori. Haka nan wanda ya sa faifai a Windows, ta tambaye shi yadda zai yi amfani da shi, ya zaɓi a yi masa kamar filashi: wannan faifan kwamfuta ne, ba na falo ba.

In kana so ka yi da kanka, akwai DVDStyler, kyauta. Ka zaɓi PAL, ka jawo bidiyon ciki, ta juya su ta shirya foldar, ta buga. Faifai mai gigabait 4.7 yana ɗaukar kamar awa biyu da hoto mai kyau. Ana iya cusa fiye da haka, amma fuskoki za su fara farfashewa.

Sai dai in tambaye ka: me ya sa faifai? Wayarka mai yiwuwa da layuka 1080 ta ɗauki sunan nan. Kana mayar da shi DVD ka zubar da kusan rabinsu, kuma in a tsaye ka riƙe wayar, yayanka zai ga siririn hoto a tsakiya da baƙi hagu da dama. Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta. WhatsApp ma in ka tura bidiyo a matsayin takarda, ba a matsayin bidiyo ba, ba ya matse shi, kuma yana karɓar har gigabait 2. Kuɗin datar ba zai kai na aika faifai Lyon ba.

TAMBAYA: Ni edita ne, ina aikin bukukuwa. Na san zancen PAL da NTSC, kuma NTSC na yi wa wani kwastoma da ke Toronto. Faifai na farko hoto ya fito garau amma babu sauti. Na biyu kuma bayan kamar awa ɗaya da rabi sai ya fara tsayawa yana farfashewa, daga nan ya maƙale. A situdiyo duka biyun sun yi. Kwastoman yana ganin na cuce shi.
Wani edita, Jos

AMSA: Abokin aiki, ba ka cuce shi ba, amma gyaran a wurinka yake.

Rashin sautin, ka buɗe saitin da ka fitar da aikin ka duba. Ina kyautata zaton hoton ka mayar NTSC, sautin ka bar shi a MPEG, wanda ake kira MP2. Na'urorin ƙasashen PAL suna karanta shi. A ƙasashen NTSC kuwa abin da aka wajabta wa na'ura shi ne Dolby Digital, wato AC-3, da kuma PCM. MP2 ganin dama ne, wasu na yi wasu ba sa yi. Ka sake fitarwa da AC-3 a kan 48 kHz, 192 ko 224 kbps ya wadatar da kiɗan biki da jawabin waliyyi. PCM ma zai yi ko'ina, illarsa cin wuri, don ya haura 1,500 kbps, wanda hoton ne zai biya. Kafin nan kwastoman ya gwada shiga saitin sauti na na'urarsa ya mayar da Digital Output zuwa PCM. In ta hanyar amfilifaya yake jin sauti, wani lokaci wannan kaɗai ya isa.

Maƙalewar faifai na biyu kuwa, lokacin da take faruwa shi ne ya tona asirinta. DVD daga tsakiya ake rubuta shi zuwa baki. In aikin na awa biyu ne, awa ɗaya da rabi ya kai wajen baki ke nan, kuma nan ne faifai mai arha ya fi rauni, don sinadarin da ake ƙonawa bai cika shimfiɗuwa daidai a can ba. Ga shi kuma faifan da aka ƙona a kwamfuta bai kai na masana'anta mayar da haske ba, mai gogewa ma ya fi muni. Sabuwar na'ura mai lafiyayyen ido za ta jure. Wadda ta shekara goma a falo, idonta ya raunana, ba za ta jure ba.

Don haka aikin da zai ƙetare teku kada ka yi masa rowar faifai. Ka nemi mai suna irin Verbatim, ka kuma sani ana buga jabu da sunan kowane kamfani. Manhajar ImgBurn tana nuna lambar ainihin masana'antar da ta yi faifan da zarar ka sa shi, ka riƙa dubawa. Ka buga a gudun 4x ko 8x ko da an rubuta 16x a jiki. Na san layi na jiranka a shago, amma 'yan mintocin nan sun fi kiran waya daga Kanada araha. Ka kunna Verify don manhajar ta sake karanta abin da ta rubuta. Kada ka cika faifan maƙil, ka bar ɗan sarari a baki. Ƙa'idar DVD ta yarda hoto ya kai 9.8 Mbps, amma a faifan gida ni ba na wuce 8, sau da yawa ma ƙasa da haka, don tsohuwar na'ura ta samu sararin gyara kurakuran karatu.

Tsakanin DVD-R da DVD+R, in ban san na'urar da za ta karɓa ba, DVD-R nake ɗauka. Shi ya riga fitowa, tun 1997, DVD+R sai 2002, don haka akwai tsofaffin na'urorin da ba su san na biyun ba. In DVD+R kaɗai gare ka, wasu injinan bugawa suna ba da damar sauya abin da ake kira Book Type zuwa DVD-ROM, sai tsohuwar na'ura ta ɗauka faifan kamfani ne. Mai hawa biyu, na gigabait 8.5, ka guje shi a irin wannan aiki; wurin sauya hawa nan ne na'urori da dama ke tuntuɓe. Gara faifai biyu.

Sai takardar nan mai hoton ango da amarya da ake mannawa a saman faifai. Kwastomomi na son ta, ni kuwa ba na ƙaunarta. In ta karkace ko da kaɗan, faifan zai riƙa rawa in yana juyawa, in kuma ta sha zafi a cikin akwati sai ta tattare ta ɗan lanƙwasa shi, kuma a baki lanƙwasar ta fi tsanani. Ka sayi faifai mai farin sama da firinta ke bugawa kai tsaye, ko ka rubuta da maka, hoton ya tafi jikin kwali. Ka sa shi a kwali mai tauri, ba 'yar leda ba.

Kuma ka nemi tsohuwar na'ura ƙirar Amurka a wurin masu kayan gwanjo, mai tsaurin kai, wadda ba ta karɓar komai sai ainihin NTSC. Ka haɗa ta da taransifoma, don wutarsu ba irin tamu ba ce, ka ajiye a situdiyo don gwaji kawai. In za ka gwada, kada ka kalli minti biyar na farko ka ce ya yi. Ka tsallaka zuwa babin ƙarshe.

TAMBAYA: Maimakon duk wannan wahala, in sayi na'ura a nan Kano in aika wa 'yata a Amurka mana, tunda tamu na cin komai?
Wani uba, Fagge, Kano

AMSA: Alhaji, dabara ce, amma a duba abu biyu kafin a biya. Wutarmu 230 ce, tasu 120. A juya bayan na'urar a karanta: in an rubuta 100 zuwa 240V za ta yi, sai dai a nemi adafta don bakin soket ɗinsu daban ne. In 220 zuwa 240 kawai aka rubuta, a bar ta. Na biyu, a sa mai shagon ya buɗe Setup a gabanka ya nuna maka cewa ana iya mayar da TV System zuwa NTSC, in ba haka ba talabijin ɗin 'yarka zai yi abin da na Houston ya yi. Mai kafar HDMI ta fi. Sai dai in aka haɗa kuɗin na'ura da na awon kaya a jirgi, zai fi mata sauƙi ta nema a can. Ana sayar da masu karanta kowane yanki da kowane tsari a intanet, ta rubuta region free DVD player za ta gani.

TAMBAYA: Na sayo faifan wani shirin tarihi na asali a Landan. Kwamfutata ta ce sai na sauya yanki, kuma wai saura sau huɗu. In sauya?
Wata malamar jami'a, Sakkwato

AMSA: Malama, ke ce kaɗai a wannan watan da kullen yanki ya kama da gaske. Faifan Landan na yanki na 2 ne. Injin faifai na kwamfuta sau biyar kawai yake yarda a saita masa yanki, daga na biyar ya kafe a kan na ƙarshe, kuma ƙidayar a jikin injin take, ko an sake zuba Windows ba ta komawa baya. Ki rufe wannan saƙon ba tare da kin amsa ba, ki gwada buɗe faifan da VLC, sau da yawa tana wucewa ba tare da ta taɓa ƙidayar ba. In ta ƙi, ki gwada na'urar falo, mai yiwuwa ba za ta ko tambaya ba. In duk sun ƙi, kuma yawancin faifan da kike saye daga Ingila ne ko Saudiyya ko Dubai, ki sauya zuwa 2 sau ɗaya ki bar shi a nan, don duka ukun yankinsu ɗaya.